Nafkin Ummi da Matar da Na Ƙi Buɗe wa Ƙofa

Mutumin da ya fara yi mini sallama a New York shi ne ya sace mini jaka.

Ina tsaye a bakin ƙofar filin jirgi, sanyi yana shigo mini ta ƙasan zane, ina ta raba ido ko zan hango wanda aka ce zai zo taryata. Sai ga wani dogo mai gemu da carbi a hannu ya ce, "Assalamu alaikum, Hajiya." Wallahi har ƙwalla ta taru mini don daɗi. Ya nuna mini da hannu cewa zai kama mini babbar jakar zuwa inda motoci suke tsayawa, na sakar masa har ina godiya. Na sunkuya gyara takalmi, na ɗago, babu shi babu dalilinsa. A cikin jakar nan akwai yajina da daddawata da kuka, da zannuwa uku, da hoton 'ya'yana biyu da na baro a Fagge wajen Inna. Hoton nan shi ya fi ci mini rai. Na yi wata shida a ƙasar nan ina rufe ido ina lalubo fuskokinsu da ka.

Sunana Rabi. A farkon shekarun casa'in ne, bayan rasuwar maigidana, na zo neman aikin reno. Turancina bai wuce na wadda ta bar firamare a aji huɗu ba.

Zangona na farko unguwar Morrisania ce, a ɗakin Hajiya Zinaru, wata Bamaraɗiya mai kitso da sayar da turare, wadda ta san wata 'yar'uwarmu. Mace ce mai faɗa da kirki a haɗe. Ranar da na iso ina kuka, sai da ta gama yi mini tas a kan wautata, sannan ta cire rigar sanyin jikinta ta yafa mini, ta zubo mini tuwo. Wata biyu na yi ina riƙe mata gashin kitso, ita kuma tana ɗura mini karatun zaman gari.

"Ke ɗiyag ga, nan ba Kano ba ta," in ji ta. "Duk wanda ya yi miki dariya, bar kallon haƙoranai, dubi hannunai. Kuma kar ki buɗe ma kowa ƙohwa. Kin jiya? Ko ya ce miki gobara ta, kar ki buɗe. Haka ɓarayin garin ga ka yi, su yi ihun wuta, ki buɗe, su shige."

Na riƙe wannan magana fiye da yadda na riƙe karatun allona. Ita ce kuma ta koya mini cire batirin ɗan farin abin nan da ake maƙalawa a silin, wanda yake tsala ihu in ya ji hayaƙi. A cewarta abin ba shi da aiki sai tona wa mutum asiri duk lokacin da ya soya albasa ko ya sa turaren wuta.

Zango na biyu shi ne Highbridge, unguwar da ba ta san shimfiɗaɗɗiyar hanya ba. Kana fita ko hawa ko gangara, wani layin ma matakala ce zalla tun daga ƙasa har sama. A can na sami aiki a gidan Maimuna, 'yar Zariya, wadda take aiki a wani ofishin ƙasa da ƙasa a Manhattan. Mijinta matafiyi ne, sai a yi makonni ba a gan shi ba. Na girme ta, don haka take ce mini Yaya Rabi, ni kuma in ce mata Maman Ummi. Da sassafe za ta bi jirgin ƙasa, sai magariba ta dawo. Tsakanin nan daga ni sai Ummi, jaririya 'yar wata huɗu, a hawa na huɗu, da makullai uku da sarƙa a ƙofa.

Dole in faɗi wani abu a nan, in ba haka ba za a ɗauke ni mahaukaciya. 'Ya'ya uku na haifa. Na ukun, Sani, ya rasu yana wata biyar. Kwana biyu kafin ya kwanta ciwo, tsummansa ɗaya ya ɓace daga igiyar shanya. Likita ya ce zazzaɓi ne, na kuma yarda da bakina, amma matan gidanmu sun yi ta ƙus-ƙus a kan tsumman nan har ya zauna mini a zuciya. Dama Inna ta rene mu a kan cewa tsumman jariri ba ya kwana a waje, ba a kuma barin baƙon hannu ya taɓa shi. Ranar da Maman Ummi ta ɗora mini 'yarta a cinya ta ce, "Amana ce, Yaya Rabi," na yi wa kaina alkawari ko zare ɗaya na kayan yarinyar nan ba zai shiga hannun wani ba.

Ummi ba ta jitu da ƙunzugun takarda na yarwa ba. Duk mazaunanta suka yi jawur da ƙuraje, tana kuka muna kuka. Da labari ya kai Zariya, kakarta ta aiko mana da nafkin na tawul dozin biyu, da wandunan roba, da wani babban gwangwani na man da ta haɗa da hannunta, man kaɗanya da man gyaɗa da na zaitun. Man nan ya yi aiki kuwa. Ni kuma da na ga yana aiki sai na zuba masa hannu. In shafe yarinya, in kuma lafta wa cikin nafkin ɗin har sai ya yi sheƙi, don kada fitsari ya taɓa mata fata.

Wanki da hannuna nake yi, a bahon wanka, da sabulun sanda. Maman Ummi ta ce in kai injin wanki na haya, na ce Allah ya kiyaye, tun ina Morrisania da idona na ga wani ƙato yana cusa bargon karensa a cikin irinsa. Ruwan zafin gidan namu kuma na ganin dama ne, yau ya zo, gobe ya ƙi. Yawanci da ruwan sanyi nake cuɗawa har yatsuna su daina ji. Nafkin ya fita fari tas a ido, amma in ka murza za ka ji santsin mai bai tafi ba. Ni a lokacin murna ma nake yi, ina cewa maganin yana nan a jiki.

Shanya ce ta zame mini bala'i. Ran farko na shanya a matakalar ƙarfen da take bayan taga. Da na je kwasowa na tarar sun sandare, kowanne ya tsaya ƙiƙam kamar faifai, har na ƙwanƙwasa ɗaya a bango ya yi ƙara. Na zauna a bakin gado na yi dariya, dariyar ta juye kuka, don na tuna igiyarmu ta Fagge, inda za ka shanya da hantsi ka kwashe kafin azahar, kaya suna ƙamshin rana. Washegari mai kula da ginin ya zo ya yi ta faɗa da hannu da ƙafa, wai an hana rataya komai a matakalar nan, hanyar gudun wuta ce.

Ranar Asabar Maman Ummi ta gangara da ni gindin tudu, wani shagon wanki da suke kira londiri. Injuna ne jere a bango, masu zagayayyar ƙofar gilashi. Ta nuna mini na busarwa, wato diraya, inda ake jefa sulalla, da wani maɓalli mai matsayi uku. "Ki bar shi a tsakiya, Yaya Rabi, kuma ban da wandon roba, narkewa yake yi." Na ce to. Wandon roba dai na kiyaye. Amma tun zuwana na farko ni kaɗai na murɗa maɓallin nan zuwa ƙarshe. Tunda ƙasar ta hana ni rana, ai sai in nemi abin da ya fi kusa da ita. A ganina zafi shi ne tsabta.

A nan na haɗu da ita. Wata tsohuwar baƙar Ba'amurkiya ce, gajera mai jiki, da jar hular ulu da tabarau a rataye a wuya, ita take kula da shagon. Ban san sunanta ba, ban kuma nema ba. A raina Mai Jar Hula nake ce mata.

Tun ran farko na lura tana kallona. Ba ni kaɗai ce mai goyo a unguwar ba, to me ya sa sai ni? A zuwa na biyu, ina cikin zuba nafkin, ɗaya ya faɗi ƙasa. Kafin in sunkuya ta riga ni. Maimakon ta miƙo mini, sai ta murza shi da yatsu, ta kai hanci ta shinshina, ta yamutsa fuska ta yi wata doguwar magana. Na fizge abina. A zuwa na uku, na ɗan juya ina jijjiga Ummi, ina waiwayowa na kama ta da hannu a kan maɓallin injina, ta mayar da shi baya. Na ture hannunta na mayar inda yake. Ta ce, "No, no, mama," tana girgiza kai. Na ce da Hausa, "Uwarki ce mama," Allah ya yafe mini.

Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne abin da na gani bayan nan. Na kwashe kayana na fita, sai na leƙo ta gilashin shagon. Na ga ta je injin da na yi amfani da shi, ta zaro wata 'yar raga daga ƙasansa, ta kankare wata farar auduga da ta taru a jiki, ta dunƙule, ta sake shinshinawa, ta jefa a aljihun rigar aikinta. Burbushin tsumman Ummi! Ban tsaya na ga cewa haka take bin kowane inji tana yi ba, don wanda ya riga ya yanke hukunci ba ya tsayawa kallo na biyu.

Da magariba na gaya wa Maman Ummi. Ta yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Yaya Rabi, wace Ba'amurkiya ce ta san sammu? Aikinta take yi. Don Allah ki saki ranki."

Ban saki ba. Na buga wa Hajiya Zinaru waya, ita kuwa ta ba ni abin da nake so in ji. "Mi ta sani, wagga 'yar boko? Suna da bokayensu mana! Ba ki ga shagunan da aka saida kyandirori da gumaka ba? Atansiyon, Rabi, yi hattara. Kar ki bari ta taɓa ɗiyar mutane."

Mako na gaba kuwa Mai Jar Hula ta gwada. Ummi ta leƙo daga goyo tana bangala mata dariya, tsohuwar ta miƙo yatsa za ta taɓa kumatunta. Na juya da sauri har na kusa buge ta da kafaɗa, ina karanta Falaƙi da Nasi a fili. Ta tsaya da yatsanta a iska, sannan ta sauke shi a hankali ta koma kan tsintsiyarta. Na ga fuskarta ta canja, na ce a raina, ai asiri ne ya tonu.

Daga nan na tsara dabarata. In tsaya ƙyam a gaban inji, bayana a jikin gilashi, har a gama. In sa zafi na ƙarshe don a gama da wuri. Na kuma lura cewa in ya kusa tsayawa sai ya daina zafi ya riƙa hura iska mai sanyi, na ce wannan ma cuta ce irin ta garin, don haka ba na jiransa. Sai in ɓalle ƙofa tun yana tsakiyar zafinsa, in kwaso nafkin suna ƙona mini hannu, in danna su cikin jakar leda mai kauri, in ƙulle bakinta tamau don kada ko burbushi ya fita. In na hau gida kuma in tura jakar ƙarƙashin gadon Ummi, inda babu idon da zai gan ta, sai yamma in na sami sarari in ninke. Na yi haka ya fi sau biyar lafiya lau, ina yaba wa kaina wayo.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Ummi tana haƙori, ta yi kwana uku tana gudawa, nafkin duk sun ƙare, na kuma ninka man da nake laftawa don kada ƙurajen su dawo. Kwana huɗu ke nan babu ruwan zafi a gidan. Na wanke dukkansu a ruwan sanyi, na ɗauka niƙi-niƙi na gangara da hantsi. Da yake sun yi yawa, zagaye ɗaya bai busar da su ba, na sake sa wani, duk a zafi na ƙarshe. Wajen ƙarshen na biyun wani wari ya fara tashi, irin na kaskon ƙosai da aka manta a kan wuta. Sai ga Mai Jar Hula ta taso daga kujerarta, tana tahowa da sauri tana nuna injin tana magana da ƙarfi. Ban tsaya ba. Na ɓalle ƙofa, na yashe kayan cikin jaka, na danna da gwiwa, na ƙulle, na yi waje. Tana kirana har bakin titi, ni kuwa na kama matakalar tudu ko waiwaye babu.

Na isa gida ina haki. Na murɗa makullai uku na sa sarƙa. Ummi ta yi barci a baya, na kwantar da ita a gadonta, na tura jakar ƙarƙashi, na ja ƙofar ɗakin don kada motsina ya tashe ta. Na yi azahar, na ɗan kishingiɗa, sannan na shiga kicin na ɗora miya. Albasa tana soyuwa, ina ta 'yar waƙata, ina jin na tsira.

Sai aka buga ƙofa. Ba bugun sallama ba, bugu na tafin hannu, ba ƙaƙƙautawa.

Na lallaɓa na sa ido a 'yar hudar ƙofa. Ita ce. Jar hular ta karkace, tana dafe da bango tana numfashi da ƙyar, ga alama matakalar nan ta gama da ita. A hannunta na dama kuwa nafkin Ummi ne, na gane shi da shuɗin zaren da kakarta ta yi wa kowanne alama a gefe.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Sani na gani, kwance a tabarma, da igiyar shanya mai giɓi ɗaya. Na ce shi ke nan, ta samu, har ta biyo mu gida ta ƙarasa. Na jingina da ƙofar ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Tana ta bugu tana magana, ban fahimci komai ba sai kalma biyu da ta yi ta maimaitawa. "Faya! Bebi! Faya!" Wuta, da jaririya. Muryar Hajiya Zinaru ta faɗo mini tar a kunne: ko ya ce miki gobara ta. Na ce lallai, yau ga shi na gani da idona. Na ƙara danna sarƙar, na ce da ƙarfi, "Go! Go!"

Bugun ya tsaya. Na ji nishinta, alamar tana durƙusawa. Sai na ga farin ƙyalle yana shigowa ta ƙasan ƙofa, ta ramin da iska take shigowa tana damunmu, tana turo shi da yatsa kaɗan-kaɗan har ya shigo gaba ɗaya ya tsaya a gaban ƙafata.

Na tsaya ina kallonsa. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, wanda ya saci tsumma don mugunta ba ya dawo da shi. Na sa yatsan ƙafa na buɗe shi. Tsakiyarsa, daidai inda nake lafta mai, ya yi ruwan ƙasa ya ƙone, har ya fara zama baƙi, yana warin nan na kaskon ƙosai. A jikin injin ya maƙale da na yi gaggawa. Na shaƙi warin, sai na ji ba daga ƙasa kaɗai yake zuwa ba. Yana zuwa ta bayana ma, kuma ba albasa ba ce.

Ban san lokacin da na isa ɗakin Ummi ba. Ina tura ƙofa hayaƙi ya tare ni, wani fari-fari mai kauri yana fitowa daga ƙarƙashin gado yana bin katifar yana hawa. Abin ihun da yake silin yana nan shiru, batirinsa yana cikin durowar kicin inda na ajiye shi da hannuna. Ummi tana kwance a tsakiyar hayaƙin, tana wani ɗan tari ƙasa-ƙasa, idonta a rufe. Na sure ta ina salati, na yi ƙofa. Makullan nan uku da nake taƙama da su, ranar sai da na tsine musu kafin su buɗu.

Ina buɗewa tsohuwar ta ratsa ta gefena kamar gidanta. Ta bi hayaƙin, ta durƙusa, ta jawo jakar. Ledar ta riga ta narke ta gefe ɗaya, ta manne mata a hannu, amma ba ta saki ba. Ta ja ta har banɗaki ta wurga cikin baho. Jakar tana fashewa iska ta shiga, tsakiyar kayan da ya yi jawur ya kama da wuta bal. Ta sakar masa ruwa. Ni ina tsaye a bakin tagar falo da na wangale, ina bubbuga bayan Ummi ina kiran sunanta, har ta ja dogon numfashi ta tsala kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan kuka ba.

Da ƙura ta lafa na je na same ta zaune a bakin baho, ta tara hannunta a ƙarƙashin famfo, tafin duk ya tashi. Na rasa abin da zan yi mata. Sai na ruga na ɗauko gwangwanin man Zariya, don a gida shi muke shafa wa ƙuna. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta ce, "Oh, no, mama," sai ta fashe da dariya, hawaye yana zubo mata. Ni ma na durƙushe a wurin ina kuka.

Na buga wa Maman Ummi waya a ofis. Kafin la'asar sai ga ta a tasi, ko jaka ba ta ɗauko ba. Muka kai Ummi asibiti tare da tsohuwar, aka duba ƙirjin yarinya aka ce Allah ya tsare, aka naɗe hannun matar. A kan bencin asibitin Maman Ummi ta zame mana tafinta. A nan na ji sunanta Misis Loreta. Ta ce tun ranar da ta murza nafkin nan ta san akwai mai a jikinsa, kuma ƙyallen da ya sha man girki, in ya ɗau zafin inji aka tara shi wuri ɗaya, da kansa yake ci gaba da yin zafi daga ciki har ya kama. Ta taɓa ganin tawul ɗin wani gidan abinci sun tashi da wuta a cikin kwando, babu ashana babu komai. Ta ce sau biyu gobara tana raba ta da gida a unguwar nan shekarun baya, don haka hancinta ba ya wasa da wari. Audugar da take kwashewa kuwa, shara ce da in ta taru take toshe inji ta jawo wuta. Ranar nan sai da ta nemi wanda zai tsare mata shago, sannan ta hau tudu da ciwon gwiwarta tana tambaya gida-gida ina 'yar Afirka mai goyo da shuɗin zane.

Maman Ummi ta juyo ta ce, "Tana tambaya, me ya sa kike gudunta?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Ki gaya mata duka. Ki ce na ɗauka mayya ce." Na kuma faɗi maganar Sani, da maganar batiri, da maɓallin da nake murɗawa, ban rage komai ba. Na ce in ta ga dama ta sallame ni, ba zan ga laifinta ba.

Maman Ummi ta dubi 'yarta. Sannan ta fassara. Misis Loreta ta saurara har ƙarshe, ta miƙo hannunta mai lafiya ta dafa gwiwata, ta yi wata gajeriyar magana.

"Ta ce ita ma ta binne ɗa," in ji Maman Ummi. Can kuma ta share ido ta ce, "Ba inda za ki, Yaya Rabi. Amma yau ɗin nan za ki mayar da batirin nan a gabana."

Bayan mako biyu wasu nafkin suka iso daga Zariya. Wannan karon na dafa ruwa a tukunya na wanke su da garin sabulu har sau biyu, sai da na murza na ji babu santsi. Man kuma na koma shafa wa yarinya kaɗan, ba ƙyalle ba. Na goya Ummi na gangara tudu, cike da kunya.

Tana nan a kujerarta da jar hularta, hannu a naɗe. Ta taso ta nuna mini komai da hannu ɗaya, ba Turanci ba Hausa. Ta zaro ragar ta nuna mini a share take. Ta sa maɓalli a tsakiya ta ɗaga mini gira, na gyaɗa kai. Ta nuna mini iskar sanyin nan ta ƙarshe da nake cewa cuta ce, ashe ita take huce kayan, ta kuma nuna dogon teburin da ake baza su a kai su sha iska kafin a ninke.

Na sunkuya zan fara zuba kaya, goyon ya dame ni, Ummi tana ta zillo tana miƙa mata hannu. Misis Loreta ta tsaya nesa kaɗan, hannayenta a bayanta, ba ta matso ba. Ta koyi darasin da na koya mata.

Tun ranar da na sakar wa mai carbin nan jakata ban sake miƙa wa wani mahaluki komai nawa a ƙasar nan ba. Na kwance majanyi, na sauko da Ummi, na ɗora mata ita a kafaɗa. Sannan na juya musu baya na ci gaba da zuba nafkin a inji ɗaya bayan ɗaya, ina jin dariyarsu su biyu, ban waiwaya ba.